Kwalaben Jurema

Tun cikina na wata bakwai ya fara:
ɗigo ɗaya, rawaya, mai kaurin zuma,
a gaban rigata ta zuwa coci.
Na ruga wajen Dona Iraci ungozoma,
ta duba, ta yi dariya har da riƙe ƙugu.
"Dakashi ne, Jurema, kwantar da hankalinki.
Baƙo bai iso ba,
uwargida ta riga ta ɗora tukunya."

Edvaldo ya zo da ruwan watan Yuni,
ran da kogin Capibaribe ya cika ya batse.
Kwana biyu ƙirjina shiru,
na ce, to, wadda ta yi sammako ta makara.
A dare na uku na farka
da duwatsu biyu masu zafi,
zanin gado sharkaf, ga ƙamshi kamar na madarar kwakwa.
Yaro na shan dama, hagu na kuka,
na tara da tawul, tawul ya ƙoshi.

Na koma kasuwar São José
ina soya wainar rogo a kasko.
Jaririn wata ya tsanyara kuka a rumfar masu kifi,
ba nawa ba, ban ma ga fuskarsa ba,
sai na ji tsirrr, kamar tururuwa a ƙarƙashin fata.
Kafin in miƙa wa mutum canjinsa
taswira biyu sun fito a rigata.
Ya kau da kai. Na rungume hannu.
Waina ta ƙone.

Marinalva kuwa, ƙofarta na kallon tawa.
'Yarta bakwaini ce, tana cikin akwatin gilashi
a hawa na uku na asibitin Recife,
ƙafarta ba ta kai babban yatsana ba.
Marinalva ta sha kunun masara da kwakwa,
ta sha duk abin da tsofaffi suka ce a sha,
ta tatsa har idonta ya yi ja,
abin da ta samu bai cika cokali ba.
Nas ta ce mata, "Rijiya ce, ɗiyata,
ki yi ta ja, za ta kawo.
Amma ki ci, ki yi barci."
Wane barci?

Ina wanke tsummokaina a baho
na hango ta a taga tana ƙirga ɗigo.
Abin da take roƙo da hawaye
shi nake zubarwa a kwata.

Yanzu ina tara kwalaben kofi.
In dafa su, in kife su su bushe,
in ɗaure gashi, in wanke hannu har gwiwa,
in zauna inda fanka ba ta kaɗawa.
Na rubuta rana a jikin murfi,
na ajiye a firji, nesa da kifin Lahadi.

Kowace Alhamis Severino ɗan kwana-kwana
yakan tsaya a ƙofata, babu jiniya.
Yaran layi su ce, "Ina gobarar?"
Ya ce, "Tana hawa na uku."
Ya jera kwalabena cikin akwatin ƙanƙara
a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai.

Ban san bakin da yake sha ba.
Ko 'yar Marinalva ce, ko ɗan wata
da za mu yi kafaɗa da kafaɗa a bas
ba mu gaisa ba.
Ba su faɗa, ni ma na daina tambaya.

Jiya a tasha ta kira sunana daga nesa.
Ba ta ce komai ba, ta buɗe mayafinta:
tabo ɗan ƙarami, bai fi kwabo ba,
a gefen hagu na shuɗiyar rigarta.
Ta nuna min shi kamar lambar yabo.
Muka yi ta dariya, mutane na kallo,
har tawa rigar ta amsa.

Bas ta zo.
Ban rungume hannu ba.